Sak ko cancanta: yadda rigimar jam'iyya ke shiga tsakanin 'yan gida ɗaya a Kaduna

A farkon 2025 Sanata Shehu Sani da Sanata Sulaiman Hunkuyi suka koma APC, ba a daɗe ba kuma a watan Maris tsohon gwamnan Kaduna Malam Nasiru El-Rufai ya sanar cewa ya fice daga APC ɗin ya shiga SDP, daga baya kuma aka gan shi cikin haɗakar ADC. Tun daga lokacin mutane da yawa a jihar nan suka shiga ruɗani, musamman waɗanda suka yi shekaru suna sa-in-sa da 'yan uwansu a kan waɗannan mutanen. Wanda ya ɗauke ƙafa daga gidan yayansa a 2018 saboda shi yana bayan gwamna yayan kuma yana bayan sanata, yau ya wayi gari sanatan na cikin jam'iyyar da gwamnan ya bari, shi kuma har yanzu ba su gaisawa da ɗan uwan nasa.

Tambayoyin da ke yawo a majalisu da guruf-guruf na WhatsApp kusan iri ɗaya ne. In ubangida ya sauya sheƙa dole ne yaransa su bi shi? Wanda ya zaɓi wata jam'iyya a kujerar sanata ya ci amanar jam'iyyarsa kenan? Uba na da ikon cewa duk gidansa ga inda za a dangwala? Matar aure fa? Yawancin rigimar na zuwa ne daga cakuɗa biyayya iri uku da ba ɗaya suke ba, wato biyayyar ɗan jam'iyya ga jam'iyyarsa, da ta yaro ga ubangidansa na siyasa, da ta ɗa ga mahaifi ko mata ga miji. Kowacce da inda ta fara da inda ta tsaya.

## Kalmomin da ake ta jifan juna da su

Sak shi ne mutum ya dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar tarayya, gwamna, ɗan majalisar jiha, ba tare da ya tsaya tambayar waye ɗan takarar ba. Kalmar ta yi ƙarfi ne da guguwar Buhari, tun zamanin ANPP, ta kai ƙololuwa a 2015 lokacin da “APC sak” ya kwashe kujeru a Arewa, har mutanen da ko a unguwarsu ba a san su sosai ba suka tsinci kansu a majalisa.

Kishiyarsa ita ce cancanta, wadda wasu ke kira wake da shinkafa, wato a nan ka zaɓi tsintsiya a can ka zaɓi lema gwargwadon mutumin da ya kwanta maka a rai. Sai kuma anti-fati ko zagon ƙasa, wato mutum yana cikin jam'iyya da katinsa ko ma da muƙaminsa amma yana yi wa ɗan takarar wata jam'iyyar aiki a ɓoye ko a fili.

A nan ne ake yawan kuskure. Anti-fati laifi ne na cikin gidan jam'iyya, kundin jam'iyyar ne ya tanade shi, hukuncinsa kuma dakatarwa ko kora, kuma wanda ya yanki kati ya yi rajista a mazaɓarsa kaɗai ya shafa. Mai zaɓe na gari wanda ba shi da kati, ba ya zuwa mitin, ba a taɓa kiransa daliget ba, ba zai yiwu ya yi anti-fati ba ko da kuwa ya shekara 20 yana zaɓen jam'iyya ɗaya sannan ya canza, don babu wani alƙawari da ya ɗauka da zai karya. Mafi yawan masu faɗa a gidaje kuwa wannan rukunin ne, masoya ne kawai ba 'yan jam'iyya ba.

## Abun da doka ta tanada

Masu cewa jam'iyya ake zaɓa ba mutum ba suna da madogara a doka, wannan gaskiya ne. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ba da damar takarar indifenda ba, duk wanda zai nemi kujera sai jam'iyya ta tsayar da shi, sashe na 221 ma ya ce jam'iyya ce kaɗai ke da hurumin nema wa ɗan takara ƙuri'a. Shi ya sa in aka miƙo maka takardar ƙuri'a ba za ka ga sunan kowa ko hotonsa ba, tambarin jam'iyyu ne jere da gajeren sunansu. Kuma an ga tasirin haka a aikace. A Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, Yahaya Bello ya gaji ƙuri'un da aka kaɗa wa APC ya zama gwamna. A Zamfara a watan Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, duk ƙuri'un da aka ba ta suka tashi a banza, Bello Matawalle na PDP ya hau kujera. Talakan da ya tsaya a rana ya zaɓi mutumin da yake so a ƙarƙashin APC a Zamfara, matsalar jam'iyyar ce ta cinye masa ƙuri'a.

Ta ɓangaren sauya sheƙa kuma, sashe na 68 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai rasa kujerarsa sai dai in rabuwar kai aka samu a jam'iyyar ko ta haɗe da wata, sashe na 109 ya faɗi irin haka a kan 'yan majalisar jiha. Amma babu irin wannan sharaɗin a kan gwamna ko shugaban ƙasa, kuma su ma 'yan majalisar da wuya ka ga wanda ya rasa kujera, don kowa zai ce ai jam'iyyarsa na cikin rikici, shugaban majalisa ya karanta wasiƙa a tafa shikenan.

Duk wannan a kan ɗan takara ne da jam'iyya. Shi mai zaɓe doka ba ta ɗaure shi da kowa ba. Duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 ya yi rajista ƙuri'arsa tasa ce, sashe na 40 ya ba shi 'yancin shiga jam'iyyar da ya ga dama, kuma dangwalawa a sirrance ake yi, har INEC ta hana shiga da waya wurin dangwalen don kar a ɗauki hoto a je a karɓi kuɗi. Tsoratar da mutum ko yi masa barazana don ya zaɓi wani laifi ne a dokar zaɓe, haka riƙe katin zaɓen wani ba bisa ƙa'ida ba, kuma dokar ba ta ce banda miji ko banda uba ba.

## Ba yau aka fara ba

Tsofaffin Zariya da suka ga siyasar jamhuriya ta farko suna ba da labarin yadda NEPU da NPC suka raba gidaje. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 tana kiran Sawaba da tambarin tauraro, NPC ta Sardauna tana kiran Salama da fartanya, kuma tunda sarakuna da hakimai da alƙalan En'e na ɓangaren NPC, shiga NEPU a lokacin ba ra'ayi ba ne kawai, ana yi masa kallon fitsara ga manya. Ɗan NEPU na iya rasa aure, ana iya ƙin zuwa sunan ɗansa, ana iya ɗaure shi a kan abun da bai kai ya kawo ba. Hajiya Gambo Sawaba a Zariya ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan gwagwarmayar, alhali ma a lokacin matan Arewa ba su da 'yancin kaɗa ƙuri'a, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979 suka fara. Wannan na da muhimmanci ga maganar mata da miji da za a zo kanta, don ƙuri'ar mace a Arewa ba ta wuce shekara 50 da wani abu ba.

A jamhuriya ta biyu misalin da ya fi fitowa fili daga tsohuwar jihar Kaduna yake, lokacin Katsina na cikinta kafin a raba a 1987. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina kuma tsohon ministan NPC, jigo ne a NPN, ɗansa Umaru kuwa malamin makaranta ne ɗan PRP, jam'iyyar da ke kiran a rusa irin tsarin da gidansu ke wakilta. Uba na kiran Aminci, taken NPN, ɗa na kiran Nasara, taken PRP, kuma gidan bai watse ba, Umarun nan ne ya zo ya gaji sarautar Matawalle ya yi gwamna ya yi shugaban ƙasa. A lokacin ne kuma PRP ɗin kanta ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, mutanen da jiya suke tafiya tare suka koma ba sa ga-maciji, shi kuma Waziri Ibrahim na GNPP yana ta kiran siyasa ba da gaba ba.

Zamanin Babangida da aka yi SDP da NRC aka kawo zaɓen ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so a ƙirga. A irin wannan tsarin ɗa ba shi da inda zai ɓuya wa ubansa, ɗan haya ba shi da inda zai ɓuya wa mai gida. Tunanin nan na cewa maigida ya san inda kowa na gidansa ya jefa yana da saura daga wancan lokacin, duk da tsarin ya canza tuntuni.

Ko a manyan gidajen siyasa na yanzu abun bai ɓace ba. A Kwara a 2011 Olusola Saraki ya tsayar da 'yarsa Gbemisola a ACPN, ɗansa Bukola ya mara wa Abdulfatah Ahmed na PDP baya kuma ya kayar da 'yar takarar mahaifinsa. A nan Kaduna ranar da El-Rufai ya bar APC ɗansa Bello na zaune a majalisar wakilai yana wakiltar Kaduna ta Arewa a ƙarƙashin APC.

## Me ya sa ta Kaduna ke da zafi haka

Abu na farko shi ne a nan jam'iyya ta daɗe da manne wa addini da yanki. Tun rikicin shari'a na 2000 da wani rikicin na 2002 garin ya rabu, Musulmi suka tattara a Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Unguwar Sanusi da sauran arewacin kogi, Kiristoci suka fi yawa a Sabon Tasha, Television, Narayi, Romi. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa 12 a nan ya fi muni, musamman Zonkwa da Kafanchan da kewaye. A shekarar Patrick Yakowa ya ci gwamna a PDP, kuma ɗan Rigasa ko Tudun Wada da aka san ya yi PDP a lokacin ba ƙaramin matsi ya sha ba, wasu sai da suka ɓoye hula da fosta. A 2019 El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe mataimakiya aka yi tikitin Musulmi da Musulmi, 2023 aka maimaita a jiha da ƙasa baki ɗaya. Sakamakon haka in ɗan gida ya zaɓi ɗaya jam'iyyar ba a ce ra'ayinsa ya bambanta, sai a ce ya sayar da addini, haka ma Kiristan Kudancin Kaduna da ya yi APC a shekarun nan ya sha irin wannan kalmar daga nasa mutanen. A yankuna irin su Jama'a, Kachia, Lere da Kauru inda za ka samu Musulmi da Kirista kakansu ɗaya, abun ya fi ciwo.

Na biyu, manufofin gwamnati tsakanin 2015 da 2023 sun taɓa gidaje kai tsaye kuma ba iri ɗaya ba. A 2017 malaman firamare kusan 22,000 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su aka ɗauki sababbi, a shekarar aka rage hakimai daga 390 zuwa 77, sannan aka rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci don sake gini, a gefe guda kuma aka yi tituna da gadoji kaman ta Kawo waɗanda kowa ke gani. Toh a gida ɗaya sai ka samu yaya an sallame ta daga koyarwa bayan shekara da shekaru, ƙaninta kuma yana cikin sababbin da aka ɗauka, baffa ya rasa shago, ɗan baffan kuma ya samu aikin kwangila a ginin titi. In waɗannan suka zauna gardama kowa gaskiyarsa yake faɗa, abun da ya same shi yake ba da labari, sunan jam'iyya kawai aka lulluɓa a kai.

Na uku shi ne cin abinci. Ga matasa da yawa siyasa sana'a ce, ɗan midiya da ake ba kuɗin data, sojan baka a rediyo, ejan a rumfa, mai riƙe wa honorabul jaka, ko wanda ke jiran a sa sunansa a jerin tallafi. Irin wannan in aka zagi ubangidansa a gida ji yake an taɓa tukunyarsa, kuma in akwatin ƙofar gidansu ya faɗi shi za a tuhuma a ce ko gidansa bai iya kawowa ba. Wannan maganar ta “kawo akwatinka” ita ce ke sa ɗan siyasa ya matsa wa iyayensa da ƙannensa da matarsa fiye da yadda zai matsa wa bare.

Lissafin 2023 ya nuna dalilin matsin. A zaɓen gwamna Uba Sani na APC ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196, tazarar 10,806 kenan a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da 8,000. In ka raba bai kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Wato gida ɗaya mai mutum biyar da suka juya a kowace rumfa ya isa ya canza wanda zai shiga gidan gwamnati na Sir Kashim, kuma 'yan siyasa sun fi kowa sanin haka.

## Yadda take kasancewa a cikin gida

Mafi yawa yanzu a guruf ɗin dangi ake farawa. An buɗe shi ne don sanarwar biki da rasuwa da karo-karon asibiti, sai wani ƙane ya turo fostar ɗan takararsa da asuba, wani ɗan baffa ya mayar da bidiyon farashin masara da litar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, kafin azahar an kai ga “ai dama ku ba ku taɓa son ci gaban gidan nan ba”, an tono maganar gadon gona da aka raba shekaru goma baya, wata anti ta turo muryar minti bakwai tana haɗa su da Allah, admin ya rufe guruf ɗin, mutum biyu sun fita. Ranar suna kuma a ga ɗaya bai zo ba ya turo matarsa. In ka duba da kyau siyasar ƙofa ce kawai, tsohon ciwo ne ya samu hanyar fita, shi ya sa gidajen da dama can akwai 'yar tsama tsakanin 'yan uba suka fi saurin kamawa.

Tsakanin uba da ɗa salon daban ne. Uban zai ce “ni na haife ka, kuma gidan nan tun kakanka ba mu taɓa yin waɗancan ba”, ɗan kuma ba zai iya musu ba sai ya ce “toh Baba, Allah Ya zaɓa mana mafi alheri”, ranar zaɓe ya shiga ya dangwala abun da ke ransa ya fito. Da yawa haka suke yi kuma ana zaune lafiya. Matsalar na tasowa ne in ɗan ya fito fili, ya sa hula, ya hau Facebook yana zagin mutumin da ubansa ke girmamawa, a nan uban ba ƙuri'ar ce ke damunsa ba, abun da abokansa za su ce a masallaci ne, wai ɗan wane ya fi ƙarfinsa.

Ta mata ta fi wuya. Akwai mazan da ke karɓe katin matansu su ajiye, akwai masu cewa in ba wane za ki zaɓa ba ba ki fita, kuma tunda fitar da izininsa ne sai ta haƙura. Ita kuma ta wani ɓangaren shugabar mata ta unguwa ta kawo atamfa da taliya da sabulu ta rubuta sunanta, ga kuma gidan iyayenta da suke wata jam'iyyar. Tunda aka fara amfani da na'urar BVAS a babban zaɓe a 2023 ba mai iya zaɓe da katin wani don sai an tantance yatsa ko fuska, don haka riƙe katin mace ba ya ƙara wa ɗan takarar miji komai, ƙuri'a ɗaya kawai yake kashewa.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu sak suna cewa gwamnati ba mutum ɗaya ba ce, in ka ba gwamna kujera ka hana shi majalisa ka ɗaure masa hannu. Babban misalinsu a nan gida yake, Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979 amma NPN ke da rinjaye a majalisar jiha, suka ƙi amince masa da kwamishinoni har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamnan farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Suna ƙarawa da cewa talaka ba shi da lokacin binciken mutum biyar a kowane zaɓe, tambari na sauƙaƙa masa, kuma unguwar da ta kawo akwati gaba ɗaya ita ke da bakin zuwa neman taransifoma ko kwalbati. Gida mai ƙuri'a 15 a dunƙule ana jin maganarsa, in suka watsu ba mai kula su. Wannan hujjar ba ta banza ba ce ga wanda ya san yadda ake rabon aiki.

Masu cancanta kuma suna cewa sak ne ya cika majalisu da mutanen da ba su taɓa buɗe baki ba, don sun san ba aikinsu ya kawo su ba inuwar wani ce. Sannan sak bai hana rigima ba, a 2015 Kaduna ta yi APC a gwamna da sanatoci biyu, amma a 2018 sanatocin nan biyu, Shehu Sani da Hunkuyi, tare da Danjuma La'ah na PDP suka tsaya a kan kar majalisar dattawa ta amince da bashin dala miliyan 350 na Bankin Duniya da gwamnan ke nema, jam'iyyar ta rabu har da su APC Aƙida. Haka a 2024 gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashi mai nauyi, majalisar jiha ta binciki gwamnatin da ta gabata, El-Rufai ya musanta zargin, duk a cikin jam'iyya ɗaya. Babbar hujjarsu dai ita ce jam'iyyun ba su da wata aƙida da ta raba su kaman yadda NEPU da NPC suka bambanta, APC ɗin ma haɗaka ce ta 2013 daga ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, daga baya 'yan sabuwar PDP suka shigo. Shehu Sani ya yi APC ya yi PRP ya yi PDP ya dawo APC. Donatus Mathew, ɗan acaɓan da guguwar LP ta kai majalisar wakilai daga Kaura a 2023, ya koma APC kafin ƙarshen 2024. In masu jam'iyyar ba su ɗauke ta aure ba, me zai sa mai zaɓe ya ɗauka?

Sai dai ita ma cancantar tana da raunin da masu ita ba su cika faɗa ba. Wanda ka zaɓa don halinsa in ya shiga majalisa shugabannin jam'iyyarsa zai bi, kuma yana iya ɗaukar ƙuri'arka ya kai jam'iyyar da ka guje wa. Sau da yawa kuma abun da ake kira cancanta ɗan garinmu ne ko ɗan ɗariƙarmu ko wanda ya fi sakin hannu.

Abun da alƙaluma suka nuna shi ne mutanen Kaduna sun riga sun fara raba ƙafa ko ana so ko ba a so. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku ya ci jihar da ƙuri'a 554,360, Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494, Kwankwaso 92,969, PDP ta kwashe kujerun sanata uku duka. Sati uku bayan nan ranar 18 ga Maris APC ta ci gwamna. Dubban mutane ne suka canza hannu ko suka fito a karo na biyu bayan sun ƙi fita a na farko, kuma da yawansu a gida ɗaya suke kwana da masu sak.

## Inda malamai suka tsaya

Malamai da yawa na bayyana ƙuri'a a matsayin shaida da amana, kuma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya yi umarni da tsayar da shaida saboda Allah ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. A Suratu Luƙman kuma ko iyayen da suka matsa wa ɗa ya yi shirka an ce kar ya bi su amma ya zauna da su da kyautatawa, balle saɓanin tsintsiya da lema. Ga hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, ga gargaɗi mai tsanani a kan yanke zumunta. Inda suka saɓa shi ne ko malami ya fito ya nuna ɗan takara. A 2023 wasu sun yi haka a mumbari, wasu suka ce a faɗi siffofi kawai a bar wa mutane zaɓi, kuma wannan ya ƙara raba gidaje don yanzu ɗa na iya cewa malaminsa ne ya ce, uba ma ya ce nasa malamin ne ya ce. A coci-coci ma an ga irin haka.

## Abun da talaka zai iya fuskanta kafin 2027

Da yadda manya ke ta canza wuri, layin rigimar zai bar tsakanin APC da PDP ya koma cikin tsofaffin abokan tafiya, mutanen da suka yi sak tare a 2015 da 2019 yanzu wasu na bayan gwamna wasu na bayan tsohon gwamna, kuma irin wannan faɗan ya fi ɗaci don kowa ya san sirrin kowa. A Kudancin Kaduna ma inda PDP ta daɗe da kafa, manyan da suka koma APC za su bar magoya baya da tambayar ko su bi mutum ko su tsaya a lema.

Asarar farko a aljihu take. Dangi su ne inshorar talaka a nan, su ke haɗa kuɗin asibiti da na makaranta da kayan ɗaki, su ke karɓar marayu. In aka ɓata a kan zaɓe adashin gida na tsayawa, yaron da ke koyon sana'a a shagon kawunsa na iya rasa wurin, maganar aure tsakanin 'ya'yan wa da ƙani na iya lalacewa, Bahaushe dai ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar amma a kakar zaɓe ana yankewa. Wanda aka yi faɗan dominsa kuwa galibi bai ma san an yi ba.

Ta biyu ita ce ƙauracewa zaɓen gaba ɗaya. Kaduna na da masu rajista sama da miliyan 4.3 a 2023 amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Dalilan suna da yawa, ƙarancin takardun naira a lokacin, tsaro, yanke ƙauna, amma akwai matan da aka hana fita da matasan da suka ga gara su zauna da su ɓata da iyaye. Duk lokacin da masu fita suka ragu kuwa farashin sayen ƙuri'a na sauƙi ga mai kuɗi, don mutum kaɗan zai saya ya ci akwati.

Akwai kuma batun shari'a da mutane ba su cika lura da shi ba. Zagi da ƙazafin da ake yi a Facebook da TikTok don kare ubangida na iya kai matashi hannun 'yan sanda a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, kuma in aka kama shi dangin nan da ya zaga a guruf su ne za a nema su zo beli. Shi kuma mai katin jam'iyya da ke shirin bin ubangidansa sabuwar jam'iyya, ya kamata ya san sai ya je mazaɓarsa ya ajiye katin farko a rubuce ya yanki sabo, in ba haka ba ranar zaɓen fid da gwani sunansa ba zai fito a rajistar sabuwar jam'iyyar ba.